Takalman Haƙoran Takwararki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da yalwa da haske. Da a gabanki nake a tsakar gidanmu na Birnin Tudu, da na tuɓe takalmi na durƙusa na bi gaisuwar daki-daki yadda kike so: an kwana lafiya, ya gajiya, ya ƙafar nan mai ciwo, ya masu jego, ya aka ji da jama'a. Da kin amsa kowace ba ki tsallake ko ɗaya ba, sannan ki ce in tashi haka nan, gwiwata ba ta yarinya ba ce. Yau kwana arba'in da bakwai ke nan ba wanda ya ce in tashi.

Ni ce Luba. Na san ba ki karanta boko, na kuma san kin ƙi jinin a baza zancen gida a waje. Ga shi na rubuto miki da boko, na ajiye a inda mutanen da ban taɓa gani ba za su karanta. Ki haɗa wannan da sauran laifuffukana. Dalilina ɗaya ne. A gaban jama'a na yi miki abin da na yi, don haka ban ga yadda zan ba ki haƙuri a ɓoye ba.

Zancen takwararki ne, ɗiyata Ummi, da robar nan ta haƙoranta.

Kin fi kowa sanin yadda haƙoran Ummi suka fito. Ke kika jefa mata na farkon da ya faɗi a kan rufin ɗaki, kika hana ta buɗe wa ƙadangare baki kada sabon ya ƙi fitowa. Sabon bai ƙi ba. Sun fito su da yawa a ɗan ƙaramin baki, suna turereniya. Biyun gaba suka yo waje har leɓe ba ya rufe su, na kusa da su ya laɓe a baya. In ta yi tuntuɓe leɓenta ya fashe. In ta yi barci baki a buɗe, ta tashi da maƙogwaro a bushe.

A makaranta Zomo suke ce mata. A dangi ma haka, sai dai su da murmushi suke faɗa, wai wasa. Tun tana shekara goma sha biyu yarinyar nan ta daina dariya a fili. In abin ya zo mata, sai ta jawo gefen hijabi ta toshe baki, kafaɗunta kaɗai ke motsi. Yanzu shekararta goma sha tara, tana karatun koyarwa, nan da 'yan watanni za a tsayar da ita gaban aji. Ki gaya mini, Inna, yaya mutum zai koyar da yara sittin hannunsa a kan baki?

Har yanzu raina na tafasa in na tuna. Waɗanda suka shekara bakwai suna kiranta Zomo, su ne ranar da na kai ta wurin likitan haƙori a Sakkwato suka wayi gari malaman fiƙihu. Wai za mu canja halittar Allah. Lokacin da suke yi wa halittar Allah dariya ba su tuna da mai halittar ba. Na karanta abin da na iya, na tambayi waɗanda suka fi ni sani, aka ce magani ne, kamar ɗorin karaya, kamar tabarau. Wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan maganar kuwa, tabarau ne a karan hancinta, haƙorin Makka biyu a bakinta, suna ƙyalli tana wa'azi. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta san kanta, kuma na san tana karantawa.

Ke kaɗai ce ba ki yi wa'azi ba. Ranar da muka kawo miki robar ki gani, kika karɓa da yatsa biyu, kika ɗaga ta sama kina hangen rana ta cikinta. Garau take kamar gilashi, an ƙera ta daidai da haƙoran Ummi, gurbi-gurbi, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Kika juya ta, kika sake juyawa, sannan kika ce, "Ikon Allah. Ke Luba, yanzu har haƙora an yi ma takalmi?" Kika dubi Ummi kika ce, "To takwara, in za ki sallah kina tuɓe su, ko da su kika yi?" Ranar Ummi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta manta da hijabin. Tun daga nan ba wanda ya sake ce musu roba a gidanmu. Takalman haƙora.

Ba ƙafa ɗaya ba ce. Jeri ne guda, kowace da lambarta, duk mako biyu a ajiye wannan a ɗauki ta gaba, kowace tana ɗan tura haƙoran kaɗan zuwa inda ya kamata su tsaya. Dare da rana suna baki, ba a cirewa sai za a ci abinci. Ta sha ciwo a kwanakin farko na kowace sabuwa, ba ta taɓa kuka da shi ba. Ta haƙura da rake, ita da in an kawo shi daga fadama ba ta jin kira. Ta haƙura da zoɓo, sai in ta cire, don yana rina robar. Da ta kai lamba ta tara leɓenta ya fara haɗuwa da kansa. Na sha kama ta a gaban madubi tana gwada murmushi, in yi kamar ban gani ba.

Ni kuma na zama 'yar sandan takalman. Kin san ni da doka, shekaru sun fi ashirin ina tsaye a gaban 'yan mata a Mafara da alli a hannu. Na rubuta dokokin likita da babban baƙi na manna a bangon ɗakin Ummi. Na karanta wa babanta. Na karanta wa ƙawayenta da ke zuwa gidan. Mutum ɗaya ce ban taɓa zama na yi wa bayani ba, ke. Ba mantuwa ba ce. A raina na yanke cewa ba za ki gane ba. Wannan shi ne laifin farko, kuma ba wanda ya gan shi, shi ya sa na fara da shi.

Da na zauna na gaya miki, ai da na tuna da wa nake magana. Duk Birnin Tudu wa bai san yaƙinki da sanyi ba? Matan da kika yi wa wankan jego, in aka tara su da 'ya'yansu sai sun cika kasuwar Bakura. Na tashi ina ganin babbar tukunyar nan a kan murhu tun da sassafe, ganyen dogon yaro na juyi a ciki, mai jego na ihu a bayan ɗaki, ke kina cewa, "Yi ta kuka ɗiyata, gobe kya gode min." A wurinki duk cutar duniya ta ƙofar sanyi take shigowa. Ciwon baya sanyi ne. Ciwon haƙori sanyi ne. Har rashin kunyar yaran zamani kin taɓa cewa uwayensu ne ba su gasu ba.

Ina yi miki dariya a kan wannan, ina kawo miki abin da littafi ya ce. Wani abin ma har gobe ina kan bakata, wankan nan yakan yi zafi fiye da kima. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, ni mai yawan faɗa. Tun kafin wani ma'aikacin lafiya ya taka garinmu da allo da hoto, ke kina tafasa rezar yankan cibi. Kina tafasa zare. Kina tafasa tsumman jariri da cokalin ba shi ruwa. Ba ki san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma kin kashe su fiye da ni da na haddace sunayensu na ci jarrabawa. Duk abin da zai shiga jikin wanda kike ƙauna, sai ya bi ta ruwan zafi. Haka hannunki ya saba nuna so. Na san haka sarai ranar sunan ɗiyar Sani.

Kin tuna safiyar. Ƙanena Sani ya samu 'yar fari, gida ya cika, ke ce mai wankan matarsa. Mun iso tun jajibiri ni da Ummi, kuma garin sauri ta bar ɗan akwatin ajiye robar a Mafara. Da safe kika gan ta a bakin randa tana ɗauraye takalman da ruwan da ya kwana, ta mayar baki. Na ga kin runtse ido kamar ke aka zuba wa ruwan a ƙeya.

Da hantsi kika damo kunun kanwa na mai jego, kika ɗebo wa Ummi nata. "Takwara, tuɓe takalman ki sha, kin bushe kamar kara." Ba a ce miki a'a a kan kunu. Ita kuma kunya ba ta bari ta zare abu daga baki a gaban manya, sai ta shiga ɗakinki ta cire, ta sa a 'yar tasa a kan murfin randa, ta rufe da faifai. Tana cikin sha aka kira ta ta gaida dangin mai jego.

Abin da na gani bayan nan ba zai bar idona ba. Kin fito daga wajen murhu, tasar a hannu biyu, tururi na tashi, fuskarki cike da jin daɗi irin na wanda ya yi wa mutum alheri ba a roƙe shi ba. Kika ratsa mata kina neman Ummi. "Ga takalmanki nan, takwara. Na kashe musu sanyi."

Sun nannaɗe kamar ganda a kan wuta. Ta sama ta murɗe, ta ƙasa ta buɗe baki, gurbin haƙoran duk ya shafe, ruwan ganyen ya ba su wani kore-kore. Na dubi Ummi. Hannunta kawai na ga ya tashi ya koma inda ya saba, kan bakinta. Wannan hannun ne ya kunna ni.

Ba zan rage komai ba, tunda ban rage ba ranar. Na fizge tasar daga hannunki. Na yi ta zuba miki dokokin nan da ban taɓa koya miki ba, da ƙarfi, kamar kin karya su da gangan. Na ce ba a sa musu ruwan zafi, ko mai ɗumi sosai ba a sawa, ruwan sanyi kawai! Ba a goge su da toka, ba a sa kanwa, ba a sa garin sabulun wanki! Ko man goge baki ba a sawa, yana kankare su su dushe! Burushi mai laushi ake sawa, nasu daban, da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai! Ba a shanya su a rana! Ba a ƙulle su a haɓar zane, ba a barin su a buɗe, mazubi mai murfi ake sa su! Ina faɗa ina kaɗa miki yatsa, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

Da na tsaya a nan, da wataƙila faɗa ne irin wanda muka saba. Sai na ce, "Wallahi Inna jahilcin nan naku shi zai ƙarasa mu."

A gaban surukan Sani. A gaban matan da kika wanke da hannunki, da 'ya'yan da kika yanke wa cibi. Har mai daka ta tsaya da taɓarya a sama.

Kika dube ni. Ba ki yi fushi ba, da kin yi da na samu abin riƙewa. Kika goge hannu a zane kika ce, "To, Malama. An ji."

Duk garin nan Malama suke ce mini, ke kaɗai ce ba ki taɓa ba. A bakinki ni Luba ce, in na ɓata miki rai Lubabatu. Ranar kika ba ni girmana, kika koma wajen tukunyarki. Na ja Ummi muka bar gidan kafin azahar, ko naman suna ba mu jira ba.

Likita bai ɗaga hankalinsa ba ko kaɗan. Ya ce ta koma ta takwas ta riƙe wurin, za a ƙero wata ta taran. Mako uku ta iso. Abin da na tozarta ki a kansa ke nan, Inna. Mako uku.

A makonnin nan ban zo ba, ban kira wayar Sani na ce a ba ki ba. In babansu Ummi ya yi mini magana sai in ce hanya ba lafiya. Kuma gaskiya ne, ba lafiya. Allah ya isa tsakaninmu da waɗanda suka mayar da zuwa gaida uwa abin da sai an yi shawara da istihara, da waɗanda aka ba amanar hanyar suna barci. Amma kada in ɗora musu abin da ba nasu ba. A kan hanyar nan na je Sakkwato sau biyu saboda roba. Sau huɗu na wuce mahaɗar Bakura, zuwa da dawowa, ina kallon kwanar ta taga. Ban ce wa direba ya tsaya ba. Ina jira zuciyata ta huce, ina tsara kalmomin da zan faɗa waɗanda za su zama ban haƙuri amma ba su nuna na yi kuskure ba. Na iya tsara magana, kin sani. Ita ta cinye mini lokaci.

Wata Talata, mai kawo kuka da daddawa kasuwa daga garinmu ta biyo gidana da kwano a ɗaure. Rake ne. Kin fere shi, kin cire gaɓoɓin, kin yayyanka ƙanana kamar dabino. Saƙon da kika ba ta shi ne, "A ba takwara, ba sai ta gatsa ba." Da wannan hannun naki mai rawa. Ummi ta cire takalman ta ci tana hawaye. Ni kuwa na wanke kwanon, na zuba sukari a ciki don ba a mayar da kwano haka nan, na ba matar. Ban haɗa da ko kalma ɗaya ba. Sukarin banza. Wofi na mayar miki da shi.

Kwana tara bayan nan Sani ya kira da safe, ya ce Allah ya yi miki rasuwa. Zazzaɓin kwana uku ne kawai. Na ce don me ba a gaya mini ba tun ranar farko? Ya ce ke kika hana, kin ce Malama na da jarrabawar yara a gabanta, kada a tayar mata da hankali.

Na samu wankanki. Ni na sirka ruwan. Na tsoma gwiwar hannu na gwada yadda kika koya mini a kan jarirai, na ƙara na zafi kaɗan, don na san ki. A nan na ba ki haƙuri, a kunne, da ƙaramar murya. Ihun a gaban mutane, ban haƙurin a inda ko ke ba ki ji.

Ranar da muka dawo Mafara, Ummi ta cire takalman ta sa a akwatinsu ta rufe. Na ɗauka na kwana biyu ne. Mako ya wuce, wani ya bi. Na yi lallashi. Na yi faɗa, tunda shi na fi iyawa. Na gaya mata abin da likita ya ce, cewa haƙora ba sa jira, in aka sake su komawa suke inda suka fito, in ta daɗe haka sauran jerin duk ba za su shiga ba, wahalar wata huɗu ta tashi a banza. Ta ce, "Mama, duk sanda na kai su baki ƙamshin dogon yaro nake ji." Na ce waɗannan sababbi ne, ba su taɓa ganin ganye ba. Ta ce, "Da ban manta akwatin ba, da kun rabu lafiya."

Kin ji, Inna. Ni na yi ɓarnar, yarinya ta ɗauki kayan. Na ce mata ba ita ba ce, ni ce. Ta ce to. Irin to ɗinki. Ina kallo leɓen da ya fara haɗuwa ya soma rabuwa, gefen hijabi ya koma bakin aikinsa.

Ranar sadakar arba'in muka koma Birnin Tudu. Bayan an raba waina an yi addu'a, mata sun fara raguwa, sai Gwaggo Kulu ta yafito mu. Kin san tun da ta baro Dosara ta dawo gidan ɗan'uwanta, marigayi Baba, ku biyu kuke kwana ɗaki ɗaya kuna faɗa a kan wa ya fi wani minshari. Ta shigar da mu ɗakinki ta ce, "Ku zo ku ɗauki kayanku, na gaji da gadinsu."

A bayan randa, inda rana ba ta kaiwa, akwai 'yar sabuwar langa mai murfi. A gefenta burushin jarirai, mai laushi, a cikin kofi. Da ɗan guntun farin sabulu a kan marfin kwalba. Na shinshina, ba ƙamshi. Ummi ta buɗe langar.

Takalman da suka lalace ne a ciki. Na yi zaton na jefa su a shara ranar, ashe a tsakar gida na yar, kika tsince. Suna nan a murɗe yadda suke, amma koren ya fita. Tas, kamar yau aka ƙera su.

Gwaggo ta ce washegarin suna kika sa ta raka ki Bakura da wannan ƙafar taki, kika shiga kantin magani kika ce a ba ki burushin da ya fi kowane laushi. Mai kantin ya ce na jika ne? Kika ce na takalmi ne. Kika shinshina sabulu ya fi kala biyar kafin ki yarda da ɗaya. Tun daga ranar, kowace safiya in kin idar da lazimi, sai ki ɗebi ruwan randa ki zauna ki wanke su gurbi-gurbi, ki ɗauraye, ki mayar ki rufe. Wai kina koyo, don in takwara ta zo hutu ta tarar hannunki ya faɗa, ta kuma tarar da mazubi ko ta sake mantuwa.

Na tambaye ta wa ya koya miki. Gwaggo ta dube ni kamar na tambayi wa ya haife ni. Ta ce, "Ke mana. Ba ke kika tsaya tsakar gida kina karanto su ba?" Ta ce kina wankin kina bitar su ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa toka. Ba a sa kanwa. Ba a shanyawa ga rana. Ba a ƙullewa ga zane. Ko ɗaya ba ki yar ba. Na watsa miki magana cike da tsakuwa, kika zauna kika tsince ta kamar shinkafa, kika ɗebi abin amfani kika zubar da sauran.

Ta ce ta tsokane ki, ta ce yau ga sarauniyar ruwan zafi da hannu cikin randa da sassafe, ashe sanyin ba ya kisa. Kika ce mata, "Rufa min baki Kulu. Wanga jaririn ruwan sanyi shika so, mi zan yi mai?"

Na daure na tambaye ta abin da ya kai ni. Na ce Gwaggo, ta ce ta yafe mini? Ta ce, "Ban ji ta ce ba." Sai ta ce, "Ni dai na ce mata ɗiyar nan taki ba ta da ta-ido. Ta ce bakin ubanta ne ta ɗauko, kuma da sanina na aure shi."

Na yi dariya, Inna, a ɗakinki, ranar arba'in ɗinki, dariyar da ta juye ta zama wani abu daban. Da na ɗago, Ummi ta buɗe jakarta. Ashe duk kwanakin nan akwatin na tare da ita, ko'ina ta je. Ta ɗauki moɗa ta ɗebo ruwa a randarki, ta ɗauki burushinki da sabulunki, ta durƙusa ta wanke ta taran a hankali. Ta wanke bakinta. Ta kai su.

Suka ƙi shiga. Kwana arba'in ba wasa ba ne, haƙoran sun ja da baya. Ta danna har idonta ya kawo ruwa, na riƙe hannunta na ce kada ta tilasta. Na zaci za ta mayar ta rufe, shi ke nan. Sai ta ce, "Mama, kira likita ki tambaye shi ta nawa zan koma."

Ta bakwai ya ce, da yake mun adana tsofaffin. Ya duba ta shekaranjiya, ya ce an yi asarar makonni amma ba a yi asarar aikin ba. Yau kwana shida suna bakinta. Suna yi mata ciwo kamar farko. Za ta shiga aji da su, ta ce in yara sun tambaya za ta ce musu takalma ne.

Langarki na kan tagar ɗakinta ta gefen inuwa, a ciki take ajiyewa in za ta ci abinci. Akwatin likita ya koma na tafiya. Waɗanda kika wanke kuwa suna wurina, a cikin akwatin da nake ajiye takardun shaidar karatuna, a saman su duka. Takardar dokokin da na manna a bango na cire ta. Ummi ta haddace, kuma duk sanda na kalle ta muryata nake ji.

Ban zama wata mai sanyin hali ba, kada ki ɗauka. Jiya ma na yi faɗa da mai gyaran famfo. Amma kalmar nan da na jefe ki da ita, na yi alkawari tsakanina da Allah ba za ta sake fita daga bakina zuwa kan kowa ba, ko a aji ko a gida. Na ga wadda na kira da ita ta koyi darasi daga bakin mai zaginta, tana da shekara saba'in da wani abu, da hannu cikin ruwan da take tsoro. Ni da takarduna na kasa koyon kalma biyu in kawo miki, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Ga su nan yanzu, a gaban jama'a, ba tsari ba ado. Na yi kuskure, Inna. Ki yafe mini.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka gafarta mata, ka yi mata rahama kamar yadda ta rene ni ina ƙarama, ta kuma haƙura da ni ina babba. Ka saka mata da alheri a kan kowace mace da ta tsaya wa da kowane jariri da ta wanke. Ka yalwata makwancinta, ka sa ta sha daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka daidaita wa takwararta haƙoranta da al'amuranta, ka bar mata dariyarta a buɗe. Ka ba ni ikon riƙe harshena. Waɗanda iyayensu ke raye, ka ba su ikon cewa direba ya tsaya. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Taki har kullum, ba Malama ba,
Luba,
Talata Mafara.